Baba Mai Gadi da Mindar da Ba Ta Zo Ba

Duk wanda ya yi SIWES a Bompai ya san cewa kafin ka ga manaja, kafin ka ga injin, mutumin farko da za ka gani shi ne mai gadi. Shi zai miƙo maka littafi ka sa hannu, shi zai leƙa jakarka idan za ka fita. Yawancinmu ko sunansa ba ma tambaya. "Baba, ina kwana," mu wuce. Ni ma haka nake yi a kamfanin da na yi nawa watannin, har ranar da aka ɗauke wuta tun safe, janareto ya ƙi tashi, aka ce mu jira. Na rasa wurin zama, na koma benci kusa da ɗakin gadi.

A nan na lura dattijon yana ɗingishi, kuma idan zai zauna sai ya tallabe ƙafar hagu da hannu. Na ce, "Baba, haɗari ne?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan tsarabar Saliyo ce." Ashe tsohon soja ne, ya sauka da muƙamin kofur. Yana cikin dakarun ECOMOG da ke Freetown lokacin da 'yan tawaye suka afka wa birnin ranar 6 ga Janairun 1999. A cikin waɗannan kwanaki ne aka harbe shi, aka ɗauko shi zuwa gida, ya yi watanni a gadon asibiti.

Na tambaye shi lambar yabon da aka ba shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Minda? Abokaina da suka zauna can har aka sa musu shuɗiyar hula, sun samu tasu, sun samu dala. Ni da aka fara harbi, lokacin da ake rubuta sunaye ina kwance. Na je ofis ya fi a ƙirga. Wannan ya ce ba shi ba ne, wancan ya ce fayil bai zo ba. Na gaji na bari." Ya ce ba kuɗin ne ya fi ci masa rai ba. Jikansa ne ya taɓa ce masa, "Kaka, in da gaske ka je yaƙi, ina lambarka?"

Wannan tambayar ta yaron ita ta sa na ɗauki biro. Ra'ayina a taƙaice: cancantar lambar yabo da haƙƙin da ke biye da ita ya kamata a auna su da aikin da soja ya yi da haɗarin da ya shiga. Launin hular da aka sa masa, ko ranar da wani akawu ya rufe jerin sunaye, bai kamata su yanke hukunci ba. Kuma duk wanda aka tsallake ya kamata ya sami ƙofar da zai kai kuka ba tare da an kira shi ɗan bore ba.

Bari in fara da batun hula, don a nan yawancin rigimar take. Sojan Nijeriya yana iya fita waje a ƙarƙashin tuta uku: ta ECOWAS, ta Tarayyar Afirka, ko ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Sau da yawa mutum ɗaya ne, ramin tsaro ɗaya ne, sai dai wata rana a yi fareti a canja masa hula. An yi haka a Saliyo bayan an kafa rundunar UNAMSIL a watan Oktoban 1999. An yi a Laberiya ranar 1 ga Oktoban 2003, lokacin da dakarun Afirka ta Yamma suka koma UNMIL. An sake yi a Mali ranar 1 ga Yulin 2013, da MINUSMA ta karɓi aiki. Daga ranar da aka canja hula lissafi yake canjawa. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da lambarta, wadda a bisa al'ada ake bayarwa bayan kwana 90 ana aiki a ƙarƙashinta. Tana kuma biyan ƙasar da ta ba da soja wani kuɗi a kan kowane mutum duk wata: shekaru da dama dala 1,028 ne, a Yulin 2018 ya kai dala 1,428. A lura, gwamnati ake biya, ita kuma ta yanke abin da zai kai hannun sojan.

To ga abin da ke ɗaure kai. Kusan kullum, yaƙi mafi zafi ana yin sa ne kafin shuɗiyar hula ta iso. Sojojinmu sun sauka a Monrobiya tun watan Agustan 1990, lokacin da manyan ƙasashe suka kau da kai. Su suka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998. Waɗanda suka share hanya da jininsu, su ne tsarin bai fi tunawa da su ba. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dubi Haskanita, a yankin Darfur na Sudan. Ranar 29 ga Satumban 2007, cikin watan azumi, 'yan bindiga suka far wa sansanin dakarun Tarayyar Afirka. Mutum 12 suka rasu, yawancinsu 'yan Nijeriya. Bayan wata uku kacal, ranar 31 ga Disamban 2007, aka mayar da aikin hannun rundunar haɗin gwiwa ta UNAMID. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da lambar Dag Hammarskjöld, wadda aka kafa a 1997 domin waɗanda suka rasa rai a aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar. Ƙa'idarta ta ɗaure ta da aikin Majalisar. Wato soja biyu daga bataliya ɗaya za su iya faɗuwa a ƙasa ɗaya, tsakaninsu wata uku, amma takarda ta ajiye su a gida daban-daban. Je ka yi wa uwar da ta rasa ɗa bayanin wannan bambanci, ka ga ko bakinka zai iya.

Wani zai ce, "To ai sai su kai ƙara." Ina? Soja ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba ya yajin aiki, ba ya ɗaga kwali. Mu idan aka riƙe mana sakamako muna da SUG, muna da shugaban sashe, muna da Facebook. Shi kuwa kukansa ta hannun na sama da shi yake bi, kuma wani lokacin na saman ne ake kuka da shi. Abin da ya faru a Akure, jihar Ondo, ya isa misali. A watan Yulin 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka fito kan titi suna cewa an zaftare musu alawus. A 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai bisa laifin bore. Lauya Femi Falana ne ya tsaya musu. Daga baya aka rage hukuncin zuwa shekara bakwai, sannan aka yi musu afuwa. Hafsoshin da aka samu da laifi a kan kuɗin kuwa, rage musu girma aka yi. Kowane kurtu a kowane bariki ya karanta darasin: in an ci haƙƙinka, haɗiye.

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce soja mai riƙe da bindiga ya tare hanya daidai ne ba. Rundunar da babu ɗa'a a cikinta haɗari ce ga kowa, mu farar hula mu za mu fara shan wuya. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya toshe ƙofa ba shi da bakin zagin wanda ya hauro ta katanga.

Wannan ciwo kuma ba yau ya fara ba. Mu da ke Kano muna wucewa ta gaban Barikin Bukavu kullum, muna ce masa Bukabu, amma mu nawa muka san cewa Bukavu gari ne a gabashin Kwango? Sojojin Nijeriya sun yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a can daga 1960 zuwa 1964. A Disamban 1960 su suka kuɓutar da ma'aikatan lafiya 'yan ƙasar Ostiriya da aka tsare a garin. Kwamandan bataliyar, Aguiyi-Ironsi, ya sami lambar yabo daga Ostiriya, kuma shi ne ya zama kwamandan rundunar Majalisar gaba ɗaya a 1964. Sunansa yana cikin littattafai. Na kurata da kofurorin da suka bi shi fa? A Zariya akwai Barikin Chindit, a Kaduna akwai Dalet, a Legas akwai Arakan da Myohaung, duk tunawa da Yaƙin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da sojojin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Da yawansu 'yan Arewa ne, har Hausa ce harshen da ake magana da shi a cikin rundunar Nijeriya. Mun adana sunayen dazuzzukan da suka yi yaƙi, mun zubar da sunayen mutanen.

Turawan mulkin mallaka ma ba su auna kowa da mudu ɗaya ba. A 2019 jaridar Guardian ta Ingila ta fito da wata takardar gwamnati ta 1945 a kan kuɗin sallama na sojojin Gabashin Afirka: farar fata mai ƙaramin muƙami sule goma a kan kowane wata da ya yi, baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi sule uku da rabi. A Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma suna da nasu labarin da Faransa. A 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka a wuri ɗaya, na Faransawa yana ta hawa, sai bayan shekara hamsin aka daidaita. Kafin nan, ranar 1 ga Disamban 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa sun buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman albashinsu. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi.

Muna jin haushin Turawa idan mun karanta irin wannan, kuma ya dace. Amma wallahi abin kunya ne a ce mun karɓi 'yanci mun ci gaba da riƙe mudun da suka bari. Ko a 'yan shekarun nan, tsofaffin sojoji sun yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatu a Abuja. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fito a kai a 2022 shi ne wani alawus na sallama da aka amince da shi a 2017, amma da farko aka ce waɗanda suka yi ritaya kafin lokacin ba su ciki. Wato tsohon da ya yi Laberiya da Saliyo ya sauka da wuri, kwanan wata ya fitar da shi daga layi.

Yanzu bari in ba wa masu ɗaya ra'ayin haƙƙinsu. Suna cewa dole a ja layi a wani wuri. In ba a ƙayyade kwanaki da wuri ba, kowa zai zo ya ce ya je, har wanda bai wuce filin jirgi ba, kuma lambar da kowa ke da ita ba ta da daraja. Suna kuma tuna mana cewa a ƙasar nan an sha gano 'yan fanshon bogi. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ƙa'ida mai hankali tana sanin inda za ta lanƙwasa. Su kansu Turawan Ingila, a lambarsu ta Tauraron 1939 zuwa 1945, sun sa sharaɗin wata shida a fagen daga, amma suka ce wanda mutuwa ko rauni ya katse wa aiki ya cancanta ko bai cika kwanakin ba. Tun shekara tamanin da suka wuce aka gane cewa harsashi ba ya duba kalanda. Kuma gyara bayan an makara ba abin kunya ba ne. Sai a 2013 Birtaniya ta fara ba da lamba ga sojojin ruwan da suka raka jiragen kaya zuwa Rasha ta tekun ƙanƙara a Yaƙin Duniya na Biyu, kusan shekara saba'in bayan aikin. Maganin ɗan bogi kuwa shi ne kyakkyawan adana bayanai. Ba a maganinsa da wahalar da mai gaskiya.

Don haka ga abin da nake ganin ya kamata. Na ɗaya, kafin bataliya ta hau jirgi, kowane soja ya riƙe takarda a hannunsa mai cewa ga lambar da ke kan wannan aiki, ga kwanakin da ake bukata, ga alawus ɗinka, ga ranar biya. Na biyu, wanda aka kashe ko aka raunata a bakin aiki ya shiga jerin kai tsaye, ba sai ya zo da kansa yana jan ƙafa ba. Na uku, Nijeriya ba za ta iya canja dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ba, amma tana da iko a kan nata lambobin da nata kuɗin. Ta daidaita tsakanin ɗanta da ya yi aiki da koriyar hula da wanda ya yi da shuɗiya. Na huɗu, a kafa ofishin sauraron koke wanda ba ya ƙarƙashin kwamandan da ake ƙara, mai wa'adin ba da amsa a rubuce. Na biyar, a kwashe tsofaffin fayiloli a zuba a kwamfuta, ta yadda ɗa ko matar mamaci za su iya tambaya a duba musu.

Na san wani yana karanta wannan yana cewa, "Mu ina ruwanmu? Mu da muke fama da kuɗin rajista da kuɗin mota." Haba ɗan'uwa. Idan akwai wanda ya kamata ya gane zafin a ce maka ka yi aikin amma takardarka ba irin wadda ake so ba ce, ai ɗan Poly ne. Shekara nawa muke kukan bambancin HND da digiri? Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin soke shi a 2021, gwamnatin ta sauka a 2023 ba a sa masa hannu ba. Wanene a cikinmu bai san wanda ya rubuta jarrabawa aka ce sakamakonsa ya ɓata ba, ko wanda sunansa bai fito a jerin masu tafiya bautar ƙasa ba saboda kuskuren harafi ɗaya? Ka tuna yadda cikinka ya ɗuri ruwa a gaban allon sanarwa. To ka ɗauka abin da ka bayar ba zangon karatu ba ne, ƙafarka ce. Ban da haka, a kowane aji akwai 'ya'yan bariki, akwai masu yaya ko ƙane a Sambisa ko dazukan Zamfara, akwai waɗanda za su cike fom ɗin shiga soja da zarar sun gama. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da mu. Wa ya tsallake sunan Baba? Ba lallai mugu ba ne. Mai yiwuwa wani ne irinmu, mai difloma, yana zaune gaban keken rubutu, an ba shi jerin waɗanda suka halarci fareti, ya buga abin da ya gani, ya tashi ya tafi cin abinci. Gobe mu ne a kan waɗannan kujeru: akanta, sakatare, mai kula da rumbun bayanai, jami'in ma'aikata. Layi ɗaya da ka tsallake a Excel yana iya zama shekara ashirin na yawon ofis ga wani bawan Allah. Wannan ba a koyar da shi a lakca, amma ya fi rabin abin da muke haddacewa muhimmanci.

Saboda haka ina da shawara ga shugabannin ƙungiyarmu, kuma ba ta bukatar miliyoyi. Ƙofofin kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa cike suke da tsofaffin sojoji masu gadi. Ɗalibanmu suna shiga waɗannan wurare duk shekara. Me zai hana mu nemi haɗin kai da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion reshen Kano, mu zauna da duk wanda ya yarda, mu ɗauki labarinsa da muryarsa: ina ya je, wace shekara, me aka ba shi, me yake jira? Ba sirrin aiki muke nema ba, kuma ba za a wallafa komai ba sai da izinin mai shi. Masu karatun kwamfuta su gina rumbun, masu hannu a rubutu su tsara labaran, masu karatun gudanarwa su taimaka wa wanda ke da koke ya rubuta shi yadda ofis zai karɓa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya tambaya, ta kuma sa wa'adin kwana bakwai na amsa. Tana da togaciya a kan sirrin tsaro, amma tambayar mene ne sharaɗin samun lamba kaza ba sirrin yaƙi ba ne. Wannan furojet ya fi wanda ake kwafowa daga intanet a canja sunan gari.

Sannan ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, maimakon mu kalli manya a talabijin suna ajiye furanni suna sakin tantabaru, mu gayyato uku ko huɗu daga cikin dattawan nan harabar makaranta. Mu ba su kujerar gaba, mu ba su makirfo, mu yi shiru.

Ranar da na gama SIWES na je yi wa Baba sallama. Na ce masa zan rubuta labarinsa a mujallarmu. Ya ce, "Rubuta, ɗana, amma kada ka sa sunana, ina son aikina." Sai ya ƙara da cewa, "In ta fito ka kawo mini guda. Ba na ganin ƙananan rubutu yanzu, amma yaron nan zai karanta mini."

Mujallar ɗalibai ba minda ba ce, ba kuma za ta biya ko sisi daga abin da yake bi ba. Amma zan kai masa. Ku kuma, gobe idan kun zo wucewa ta ƙofar wani kamfani, ku ɗan tsaya ku tambayi mai gadin inda ya taɓa zuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya ba na raye haƙƙinsu tun suna iya riƙe shi da hannunsu.